Shekarar da Anka Rubuta Wasana

Na fara da sunan Allah, Shi da Ya ja kwanana har na riƙe alƙalami bayan haƙorana sun zube. Ku jikokina, ɗiyan ɗana na fari, ku nake yi wa wannan rubutu. In kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri, na haura sittin kafin in shiga karatun manya, hannun da ya saba da ludayi bai san tafiya miƙe ba. Na ji abin da ake faɗi a gidanku na Yamai. Ba a faɗe shi gabana ba, amma magana ba ta kwana inda anka yi ta. An ce da ba don bakin tsohuwar Dakoro ba, da ubanku ya zama jakada, da kun tashi a ƙasashen waje kuna shiga mota mai tuta. Rabin maganar gaskiya ce. Rabin da ya saura ba wanda ya san shi sai ni, har shi marigayi ubanku bai sani ba. Shi zan ba ku yau, don ya hana ni zama wuri ɗaya shekara da shekaru, kuma ba na so in tafi da shi.

Sunan ubanku ba zan rubuta ba. Ɗan fari ne, ban kira sunansa yana raye ba, ba zan fara a takarda ba. A gida Mai-taswira muke ce masa, don tun yana ƙaramin ɗan lakwal, wato makarantar boko, ba ya ganin ƙasa mai laushi bai zana ƙasashen duniya da tsinke ba. Abin ya samo asali daga kakanku. Kakanku tsohon soja ne, Nasara sunka ɗauke shi sunka tsallaka da shi ruwa, ya dawo da tari da ƙafa mai ja da shiru mai yawa. In an tambaye shi wa ya yaƙa can, sai ya ce waɗansu gajerun mutane ne masu noman shinkafa, da ba su taɓa cinye masa ko akuya ba. Tarin nan ya kashe shi. Mai-taswira na nan zaune sa'ad da anka fitar da gawar, bai yi kuka ba, amma bayan addu'ar bakwai ya same ni ina surfe ya ce:

"Inna, ina so in san wa ke zama cikin ɗaki ya ce a tashi yaƙi. Kuma ina so in san me ake gaya masa ya fasa."

Na ce masa ya je ya ba jaki ruwa. Amma bai bar maganar ba. Da ita ya tafi Maraɗi karatu, da ita ya wuce Yamai. In ya zo hutu sai ya zaunar da ni ya yi ta bayani ina dama fura. Ya ce ƙasarmu ba ta da teku, duk abin da muke saye ta ƙofar wani yake shigowa, don haka dole a samu mutanen da sunka iya tsayawa ƙofar wani su yi magana ba su durƙusa ba, ba su kuma yi zagi ba. Ya ce akwai manyan ƙasashe biyu da ba sa ga maciji, amma ba sa dukan juna da hannunsu, sai su ba ƙananan ƙasashe sanda. Rabi ina ganewa, rabi ina gyaɗa kai. Amma ina son jin muryarsa in yana yi, don lokacin kaɗai yake kama da mai farin ciki.

Shekarar da nake ba ku labari, ba a daɗe da tafiyar Nasara ba. Gero ya yi kyau, amma ba wanda ya ji daɗinsa. Labari ya zo cewa samarin da sunka gudu daga ƙasa tun rikicin siyasa sun dawo ta iyakar kudu, da bindigogi, za su kifar da gwamnati. Mai shela ya zaga gari da ganga ya ce duk wanda ya ga baƙo ya kai labari biro, wato ofishin jandarmomi, wanda kuma ya ba baƙo ruwa bai faɗi ba, shi da baƙon ɗaya ne. Ku ji fa. A Dakoro, inda rabin kasuwa baƙi ne, Buzaye daga Azagor, Fulani da shanunsu, fatake daga Maraɗi. Ni kuwa mai fura ce, in ban ba baƙo ba wa zan ba? Gari ya rikice. Maƙwabci na leƙen maƙwabci ta kan danga. Ana kama mutum da hantsi, kafin azahar an ɗaure shi a rana, washegari an jefa shi kamiyo, babbar motar kaya, an yi kudu da shi, waɗansu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ko kaza ta yi kuka sai kowa ya miƙe.

Cikin wannan hali ubanku ya ci konkur, wato jarrabawar da ake tace mutane da ita. An zaɓe shi cikin ƴan kaɗan da za a aika Faransa su koyo aikin jakadanci. Abu ɗaya ya rage, shi ne anket. Jandarmomi za su zo gidan mutum su bincika asalinsa da halin gidansu, su rubuta su aika Yamai. In takarda ta yi fari ka tafi, in ta yi baƙi ka zauna. Ya dawo gida jiran wannan. Ba ya zama. Daga zaure zuwa bakin rijiya, daga bakin rijiya zuwa gidan waya ya tambaya ko takarda ta zo, ya dawo ya manna kunne ga radiyo. Har takalminsa ya huje. Ya roƙe ni abu ɗaya, ya ce ranar da sunka zo in amsa abin da anka tambaye ni kawai, kar in ƙara. Na ce masa ni na koya masa magana, ba shi zai koya mani ba.

To, ga abin da ba ku sani ba.

Ina da ƙawa, Tamo. Rana ɗaya anka yi mana zanen fuska, shekara ɗaya anka yi mana aure, wata ɗaya munka haihu. Da ciwon nono ya kama ta, ni na shayar da ɗanta wata huɗu, shi a dama, ubanku a hagu. Wannan ɗa nata yana cikin waɗanda sunka fita, kowa ya sani. Wata ranar kasuwa ta zo ta tsuguna gaban ƙwaryata kamar mai zaɓen dawon fura, ba ta kalle ni ba, ta ce yana cikin rumbunta na gona, hanyar Korahane. Kwana uku bai ci komai ba, ƙafa ta kumbura. Ita ba ta iya zuwa, an sa mai gadi yana zaune daura da ƙofarta tun safe har yamma. Ba ta roƙe ni ba. Ta sayi dawo biyu ta tashi.

Ba zan yi maku ƙarya in ce ban tuna da ubanku ba. Na tuna da shi, na tuna da anket, na tuna da mai shela. Na kuma tuna da bakin jaririn nan a jikina. Washegari na ɗora ƙwarya a ka na bi hanyar gonaki. Lokacin girbi ne, mutane na ɗaurin dammuna, ba mai tambayar mai fura inda za ta. Na sayar nan, na sayar can, har na kai rumbun. Na same shi kwance bisa zangarniya ya rame kamar kara. Ba bindiga a hannunsa, ya ce ya jefa ta wata tsohuwar rijiya. Ya sha har ya shaƙe. Na koma rana ta biyu da fura da sassaƙen da ake sa wa kumburi. Ya tambaye ni labarin Mai-taswira, na ce ya ci jarrabawa za shi ƙasar Nasara. Sai ya ce:

"Inna, kar ki sake zuwa."

Na sake zuwa. Na tarar da rumbu ba kowa. Na zauna gindinsa na shanye furar da kaina don kar in koma da ƙwarya cike.

Bayan kwana shida masu anket sunka zo. A nan sai na gaya maku wane ne Sumana. Jandarma ne, Bazabarme, ya daɗe a Dakoro, kullum a wurina yake shan fura. Ni Bagobira ce, kun san tsakaninmu da Zabarmawa sai wasa, tun kaka da kakanni. Ni in ce masa bawana, ɗan cin kopto, wanda ganye ya shanye wa jini. Shi ya ce mani wadda kaza ta yi tono a fuskarta. Shekara tara ban taɓa ba shi amsa miƙe ba, shi ma haka. In ya tambaye ni lafiya, in ce masa na mutu jiya, shi anka bar wa gadon turmi. Ranar nan da hantsi ya yi sallama, abin da bai taɓa yi ba, da can sai dai ya faɗo gida yana cewa ina baiwar nan. Bayansa akwai wani dogo siriri, kaki a goge, da littafi a hannu. Na dube shi na ce a raina wannan ma Bazabarme ne, tsayin ya nuna. Ubanku ya tafi gidan waya, ni kaɗai ce a tsakar gida. Na ce:

"Yau kuma bawa ya koyi sallama? Shigo. Ka kawo ƙanenka ya sha fura ko ya yi nama, ku duka iska na iya kwashe ku."

Sumana bai yi dariya ba. Ya tambayi sunana, da sunan mijina, da abin da ya kashe shi, cikin wata murya ta biro da ban san shi da ita ba. Dogon na rubutawa. Sannan Sumana ya ce ko akwai baƙon da ya shigo gidan nan cikin watan nan, ko wanda na ba abinci ban san shi ba. Ku saurara da kyau, don nan ne ake cewa bakina ya kuɓuce. Bai kuɓuce ba, ni na sake shi. Na yi lissafi cikin ƙiftawar ido cewa in na sunkuyar da kai na ce a'a kamar mutuniyar kirki, Sumana zai gane akwai abu, don bai taɓa ganina haka ba. Na ga ba inda gaskiya za ta ɓuya sai cikin wasa. Sai na ce:

"Baƙi? Ai gidan ga cike yake da su. Ƴan bindigar da kuke nema duk nan suke, ni nake dama masu fura safe da rana. Ɗaga turmin can ka gani, akwai biyu ƙarƙashi."

Na jira Sumana ya rama. Bai rama ba. Abin da na ji shi ne ƙarar alƙalami bisa takarda. Sumana ya juya ya yi wa dogon magana da Faransanci da sauri da sauri, sannan ya koma Hausa don in ji, ya ce wasa ne, Bagobira ce, haka muke da su, ko gaban sarki haka za ta ce. Dogon bai ɗaga kai ba. Ya gama rubutunsa, ya rufe littafi, ya ce da wata Hausa ta kasuwa:

"Gwamnati ba ta da abokin wasa."

Sun bincike gida, har turmin sunka ɗaga. Ba su samu komai ba. Da la'asar Sumana ya dawo ba hula, ya zauna bakin murhu, na ba shi fura ya ƙi sha. Ya ce mutumin lajidan ne, babbansu da anka aiko daga sama saboda rikicin. Ɗan soja ne, a bariki ya tashi can wata ƙasar bakin teku, bai san Bagobiri ba bai san Bazabarme ba, abin da kunnensa ya ji shi hannunsa ke rubutawa. Ya ce motar wasiƙu za ta tashi nan da kwana huɗu, in takardar ta shiga cikinta, yaro ya zauna. Ubanku na tsaye jikin danga yana ji. Ya juya ya fita. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari anka kira ni biro. Lajidan ya nuna mani kujera, na zauna ƙasa. Ba zan ce mugu ne ba, bai ɗaga mani murya ba, har ruwa ya sa anka kawo mani. Ya ce an yi masa bayanin wasanmu kuma ya yarda akwai shi. Amma ya ce wani mutum mai ciwon ƙafa ya ratsa ta arewacin gari, an bi sawunsa an rasa, kuma mai irin wannan ƙafa ba ya tafiya sai an ciyar da shi kwanaki. Ya ce mai fura ta san gidan da ke sayen abin da ya fi bakunansa, ta san wadda ke kuka ba a yi mata mutuwa ba. Ya ɗauko takardar ya ajiye gabana bisa tebur. Na dube ta, baƙaƙen kamar tururuwa sun bi layi, maganata ce amma ban iya gane ko ɗaya ba. Ya ce suna ɗaya yake so. In na ba shi, zai yaga wannan gabana ya rubuta wata fara. Ya ba ni har safiyar tashin mota.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Nomau, wan mijina, shi ne babba a gidan tun rasuwar kakanku, yana jirana a zaure da carbi yana ja kamar zai tsinke shi. Ya ce abin ai mai sauƙi ne. Duk gari ya san ɗan Tamo na cikin mutanen, an riga an sa mata ido, wadda ruwa ya riga ya doka me yayyafi zai ƙara mata? In faɗi sunanta kawai a wuce wurin. Shi bai san komai ba, neman mafita yake, ya harba a duhu ya samu. Na ce masa Tamo na da uwa makauniya da ƙananan ɗiya uku, in an jefa ta kamiyo shi zai riƙe su? Ya ce to shi zai riƙe yaron da na kashe wa gaba? Ya ce mace mai baki ko a kabari sai ta tada maƙwabta. Na ce masa da bakin nan na ciyar da gidan ƙanensa sa'ad da shi ke ɓoye hatsinsa. Munka rabu ba daɗi, kuma bai sake cin abin hannuna ba har ya mutu.

Nomau bai dame ni ba. Ubanku ne ya dame ni. Rana ta biyu da azahar ina inuwar bedi ina tsince gero, ya zo ya durƙusa gabana. Tun da ya yi wayo bai taɓa roƙona komai ba, ko riga. Ya ce ba ya so in yi wa kowa ƙage. Amma in na san wani abu in faɗa, ba don shi kaɗai ba. Ya ce mutanen nan ba su kaɗai ke tafe ba, bindigar da ke hannunsu ba maƙerin Dakoro ya ƙera ta ba, akwai manya bayansu da ba za su taɓa taka ƙasar nan ba. Ya ce ya karanta yadda abin ke farawa a waɗansu ƙasashe, da mutum goma yake farawa, ya ƙare ba mai binne wani. Ya ce aikin da yake nema ke nan, ya hana irin wannan. Gaskiya yake faɗi, na san gaskiya ce. Sannan ya ɗago ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce:

"Inna, kin san wani abu?"

Na ce: "Ban san komai ba. Bakina ne kawai."

Za ku ce me ya hana in gaya masa. Ubanku bai iya ƙarya ba, kunnensa ke motsi in ya gwada. Da na gaya masa, ɗayan biyu ne. Ko ya je ya faɗi, ya hau jirgi da Tamo rataye a wuyansa har ƙarshen ransa, ko ya ɓoye ya zama mai laifi kamar ni, ranar da anka gane a ɗaure mu tare. Na ga gara ya tsane ni da hannunsa wanke.

Kwanakin nan ban san inda na sa kaina ba. Na dama fura na manta nono. Na tafi rijiya ba guga. In na zauna sai in ji kamar ƙasa na cizona, in na tashi ban san inda za ni ba. Sau biyu na kama hanyar biro da sunan a bakina, na ce Tamo ai ta fi ni ƙarfi, wataƙila su ɗan riƙe ta su sake. Na biyu har na kai gindin itacen da ke gaban biro na tsaya. Sumana ya hango ni ya fito kamar mai zuwa fitsari, ya ratsa kusa da ni bai tsaya ba, ya ce a hankali:

"Bagobira, ko ki shiga ko ki koma gida. Tsayuwar nan ta fi duka biyun muni."

Har yau ban san iyakar abin da ya sani ba. Na koma gida.

Safiyar tashin mota na yi wanka na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi. Ubanku na zaune a zaure, ya bi ni da ido, na san yana zaton alheri. Na shiga biro, lajidan ya ajiye alƙalami yana jira. Na ce masa magana ni na yi ta, wasa ne, kuma ba ni da sunan kowa. Ya ce na san abin da nake yi wa ɗana? Na ce na sani. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya naɗe takardar ya sa a ambulan, ya lasa ya manne. Ina tsaye a bakin hanya motar ta wuce, na ga buhun wasiƙu ɗaure a sama tare da kaji.

An soke sunansa. Abokansa sunka tashi ba shi. Shi anka ba shi aikin mushe, wato malamin makaranta, anka tura shi arewa gaba da Azagor, yana koya wa ɗiyan makiyaya karatu cikin tanti, lakwal na tashi in rijiya ta ƙafe. Ya yi shekaru a can. Da albashinsa yake aikawa a sayo masa littattafan yaƙe-yaƙe da na zaman ƙasashe, yana karantawa shi kaɗai tsakanin raƙuma. In ya zo hutu yakan durƙusa ya gaishe ni, ya kawo sukari da shayi da turmin atamfa, bai taɓa rage mani komai na haƙƙi ba. Amma daga gaisuwa sai shiru. Sai da gwamnati ta canza anka manta da tsofaffin takardu, sannan ya shiga ma'aikatar harkokin waje, ƙarƙashin waɗanda da can ke kwafar aikinsa a aji. Sauran kun fi ni sani. In iyaka ta yi zafi shi ake kira ya faɗi abin da zai biyo baya. In za a zaman sulhu da shi ake tafiya, amma kujerarsa na bayan ta jakada, yana miƙa masa ƴar takarda ta kafaɗa. Ya koyar da manyan sojoji yadda yaƙin zamani yake. Kujerar gaba dai bai taɓa zama kanta ba, an ce shekarunsa sun wuce tun kafin ya shigo. Wannan ni ce. Ban musa ba.

Tamo kuwa daga ranar da anka bincike gidana ba ta sake tako shi ba. Gidana ya zama gidan da anka rubuta, ita kuma ana kallonta, in ta hango ni a kasuwa sai ta bi layin masu gishiri. Ba ta taɓa sanin abin da lajidan ya nema a wurina ba, ban kuwa gaya mata ba. Ban ga laifinta ba, tsoro ba ya barin mutum ya yi kunya. Ta mutu ba mu yi wata doguwar magana ba. Ɗanta ya rayu. Ya dawo bayan an yi wa mutanensu afuwa, yana noman wake, ya tara iyali, yanzu shi ma gemunsa fari fat.

Zuwan ubanku na ƙarshe Dakoro, ciwo ya riga ya ci shi, wuyan riga na yawo a wuyansa. Muna zaune da hantsi mu biyu, na ce yau sai na faɗi. Na ce masa akwai magana game da shekarar anket. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya yi murmushi, ya ce:

"Inna, bar shi. Na daɗe da yafe wa bakinki. Haka Allah Ya yi ki."

Na dube shi. Mutum ya kwashe rabin ransa kafin ya iya wannan yafiya, ya kawo mani ita da sauran ƙarfinsa. In ce masa ba abin da ya yafe ba ne laifin? In ce masa ina sane na zaɓi ɗan wata na bar nawa, ya koma farko ya fara sabon aiki, ga shi ba sauran lokaci? Na ce masa na gode. Na bar shi ya yafe abin da ban yi ba, wanda na yi kuwa yana nan wurina, ba wanda ya yafe shi.

To kun ji. Ba baki ba ne, zaɓi ne. In za ku tsane ni ku tsane ni kan gaskiyar abin. Ba na ce na yi daidai ba, na juya shi ta kowace fuska har na gaji, wata rana ya fito fari wata rana baƙi. Abin da na sani, da za a mai da ni gaban teburin nan, abin da na faɗi shi zan sake faɗi.

Kuma kar wani cikinku ya ɗauki mota ya zo yana tambaya a hanyar Korahane. Rumbun ba a wannan hanya yake ba, ita ma ba Tamo ne sunanta ba. Lajidan bai samu sunan ba, ubanku bai samu ba, ku ma ba za ku samu ba.